Wai Don Ta Karanci Yahudawa Ta Zama Bayahudiya?

Yau kam da ɓacin rai na ɗauki alƙalami, don haka duk wadda ta ji na taka mata ƙafa ta yi haƙuri, amma maganar nan sai na faɗe ta ko zan samu barci.

Akwai 'yar ƙanina, yarinyar da a hannuna ta tashi tun tana 'yar shekara huɗu. Ta yi digirinta na Larabci a nan gida, ta fito da sakamako mai kyau, Allah kuma ya nufa ta samu tallafin ƙaro karatu a wata jami'a a Ingila. Sashen da ya ɗauke ta shi ne na nazarin Yahudawa, wato inda ake karanta tarihinsu da harsunansu da adabinsu da addininsu da al'adunsu. Muka yi murna, muka raka ta filin jirgi, ta tafi. Ba a yi wata uku ba muka haɗu a wani gidan suna, tsakar gida cike da mata ana ta rabon waina, sai wata Hajiya da muke da dangantaka ta nesa ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce, "Ashe 'yar taku ta zama Bayahudiya? To Allah ya shirya." Nan take wuri ya ɗau salati. Wata ta ce ai ta ji kuɗi ake ba su su bar salla, wata ta ce ita dama tun da ta ga yarinyar da tabarau ta san za a rina. Kafin sati ya zagayo magana ta isa gidan su yaron da ya kawo kuɗin gaisuwa, uwarsa ta aiko a ce mana a ɗan dakata da maganar lefe tukuna, sai sun yi shawara.

A wurin ban ce uffan ba, domin gidan mutane ne, ga mai jego a kwance. Amma kun san magana zarar bunu ce, wadda Hajiya ta zara ga shi tana neman rushe wa marainiya aure. Shi ya sa zan ba ta amsa a nan, ita da duk mai irin tunaninta.

Tambayata ta farko, tun yaushe karanta mutane ya zama shiga addininsu? A shekarar 1938 wani saurayi ɗan Amurka mai suna Joseph Greenberg ya zo ƙasar Kano, ya zauna cikin Maguzawa, ya koyi Hausa, ya bi diddigin bori da iskoki da yadda Musulunci ya ratsa al'adunsu, ya koma ya buga littafi a kai a 1946. Bayahude ne, iyayensa Yahudawa ne. Shin akwai wanda ya ce ya zama Bamaguje? Ko kuwa uwarsa ta zauna a gidan biki ana yi mata jaje wai ɗanta ya hau bori? Shi ne ma daga baya ya tsara harsunan Afirka dangi dangi, ya sa Hausa cikin babban gida ɗaya da Larabci da Ibrananci, harshen Yahudawa. Mu muna cewa "mutu", Balarabe yana cewa "mautu", a Ibrananci tushen kalmar "mut" ne. To shi ya zo har gida ya karance mu tsaf, mu kuwa 'yarmu ɗaya ta je ta karance su, sai muka ɗora hannu a ka. Wa aka cuta a nan?

In kuma ta fuskar addini Hajiya ke jin tsoro, to ta tambayi malamin Islamiyyarsu labarin Zaidu ɗan Sabitu, Allah ya yarda da shi. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi da kansa ya umarce shi ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa koye shi cikin kamar rabin wata, ya zama shi ke karanta masa wasiƙunsu yana rubuta musu amsa. Na san za a ce ai don tsaro ne aka sa shi, don kada a canza magana a tsakani. Na yarda. To ai wannan hujjata ce, ba taku ba. Wanda bai iya karanta takardar maƙwabcinsa ba, duk abin da tafinta ya ga dama shi zai faɗa masa. Kuma wannan Zaidun da ya iya rubutun Yahudawa, shi Sayyidina Abubakar ya damƙa wa aikin tattara Alƙur'ani. Bayansa malamai irin su Ibnu Hazmin na Andalus da Shaharastani sun rubuta manyan littattafai a kan addinai da ƙungiyoyi, kuma sai da suka san abin da Yahudawa ke cewa kafin su yi gardama da su. Jami'ar Azhar da muke alfahari in ɗanmu ya je can, tana da sashen koyar da Ibrananci, haka Jami'ar Alƙahira da ta Ainu Shams. Ko su ma Azharawan sun zama Yahudawa ne ba mu da labari?

Bari in gaya muku abin da yarinyar nan take karantawa, don ni ma da farko ban sani ba sai da na tsare ta a waya. Na ce, "Ke 'yar nan, ki gaya mini gaskiya tsakaninki da Allah, me kuke yi a ajin nan?" Ta yi dariya ta ce, "Goggo, wallahi yawanci takardun aure da na rigimar kishiya nake karantawa." Na ce wasa kike yi. Ashe da gaske take.

Ga yadda abin yake. Yahudawa suna da wata al'ada irin tamu, ba sa jefar da takardar da ke ɗauke da sunan Allah a bola. Mu mukan ƙona ko mu soke ta a saman katanga, su kuwa sukan tara a wani ɗaki da suke kira ganiza, daga baya a binne. To a tsohon garin Fusɗaɗ, wanda yanzu ya shige cikin Alƙahira, akwai majami'arsu ta Ben Ezra, inda aka yi ta zuba takardu a wani ɗaki na sama shekaru kusan dubu ba a kwashe ba. Kuma mutanen ba su tsaya ga littattafan addini ba, duk abin da aka rubuta da baƙaƙensu sai su jefa ciki: wasiƙa, takardar bashi, takardar saki, maganin ciwon ido, har allon yaro mai koyon rubutu. Ƙasar Masar busasshiya ce, sai takardun suka ƙi ruɓewa.

Kuma ku ji ta hannun waɗanda abin ya fito fili. Wasu mata ne tagwaye 'yan Sikotlan, Agnes Lewis da Margaret Gibson, dukkansu mazansu sun rasu, suka duƙufa koyon harsuna, har da Larabci da Suriyanci, suna hawa raƙumi suna ratsa hamadar Sinai neman tsofaffin littattafai. A 1896 suka komo garin Kambirij da wasu guntayen takardu da suka saya a tafiyarsu, suka nuna wa wani malami Bayahude mai suna Solomon Schechter. Da ya duba ɗaya sai ya gane shafi ne na littafin hikima na Ben Sira da ainihin Ibranancinsa, wanda aka ɗauka ya ɓace tun ɗaruruwan shekaru. Bai yi wata wata ba ya nufi Alƙahira, ya kwaso guntaye wajen 193,000 ya kai Kambirij, suna can har yau. Su kuwa tagwayen, jami'ar garin nasu ba ta taɓa ba su digiri ba, don ba ta fara bai wa mata digiri ba sai 1948. Kun ga ashe raina karatun mace ba a kanmu aka fara ba.

Yawancin wasiƙun nan da Larabci aka rubuta su, amma da baƙaƙen Ibrananci, kamar dai yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da ajami. Shi ya sa 'yar ƙanina ta yi musu amfani. Baƙaƙe 22 ta haddace, sai ga ta tana karanta Larabcin kasuwa na shekara 900 da suka wuce, alhali 'yan ajinsu Turawa suna ta fama da nahawu. Wani malami, S. D. Goitein, ya ƙarar da rabin rayuwarsa a kan takardun nan, littafinsa mai mujalladi 5 ya fito tsakanin 1967 da 1988, na ukunsu sukutum a kan iyali ne da zaman aure.

To me ke ciki? Ku matso ku ji, don wannan namu ne. Akwai jerin kayan ɗakin amare: riguna, mayafai, awarwaro, 'yan kunne, katifu, matasai, tasoshin tagulla, kowanne da kuɗinsa a gefe, don in aure ya mutu miji ya biya abin da ya salwanta. A wasu garuruwan har ninka kuɗin kayan ake yi a takarda don a fita kunyar dangin miji, shi ya sa in ana son a nuna ba ƙari sai a rubuta cewa dinari a nan dinari ne na gaskiya. Yo wannan ba mu ba ne ranar jere? Akwai takardun aure da iyayen amarya suka sa sharaɗi cewa miji ba zai yi mata kishiya ba, ba kuma zai ajiye kuyangar da ba ta so ba. Domin Yahudawan ƙasashen Musulmi suna auren mace fiye da ɗaya a lokacin, na Turai ne wani malaminsu mai suna Gershom ya hana su wajen shekara ta 1000. Akwai fataken da kafin su tafi Indiya sai sun bar wa matansu takardar saki mai sharaɗi, in ba su dawo ba zuwa lokaci kaza to ta saku, don kada a bar baiwar Allah a rataye, ba ita ga aure ba ita ga zawarci. Mata nawa muka sani a unguwannin nan da miji ya tafi neman kuɗi shekara bakwai ba aike ba labari?

Wadda ta fi burge ni ita ce wata mata da ta rayu a Fusɗaɗ wajen shekara ta 1100, sunanta Karima, amma kowa da Wuhsha dillaliya ya san ta. Ƙwarai kuwa, dillaliya, kalmar da muke faɗa ita ce a takardun, "dallala". Tana ba da bashi, tana karɓar jingina, tana zuba jari a fataucin Indiya. Ba waliyyiya ba ce, an taɓa korarta daga majami'a a ranar babban azuminsu saboda wani abin kunya tsakaninta da wani baƙo. Amma wasiyyarta tana nan, dukiyar da ta lissafa ta kusa dinari 700, a zamanin da dinari 2 ke riƙe ƙaramin gida wata guda. Ta ware na sadaka, ta ware na jana'izarta, sannan ta ce a ɗauko wa ɗanta malami ya koya masa littafi da addu'o'i, a ba malamin bargo da shimfiɗa ya riƙa kwana wurinsa. Da na ji wannan sai da na yi shiru. Uwa dai uwa ce ko a ina.

A cikin tarin nan har da rubutun hannun Musa ɗan Maimuna, babban malaminsu da aka haifa a Ƙurɗuba ta Andalus, ya rasu a Fusɗaɗ a 1204. Likita ne a fadar su Salahuddin, kuma shahararren littafinsa na falsafa da Larabci ya rubuta shi, yana ambaton Farabi da girmamawa. Duk mai son sanin yadda talakan Musulmi ya rayu a Masar ta zamanin Faɗimiyyawa, nawa ake sayar da burodi, nawa ne hayar ɗaki, yaya ake kai ƙara gaban alƙali, dole ya bi ta takardun Yahudawan nan, domin irin waɗannan ƙananan takardu namu yawanci sun salwanta. Ashe yarinyar da aka ce ta bar gida, tarihin gidan take tonowa.

Shi kansa wannan fanni bai shiga jami'a da sauƙi ba. Wani Bayahuden Jamus mai suna Leopold Zunz shi ya fara kira tun 1818 cewa a karanci littattafan Yahudawa da ma'aunin bincike irin na jami'a, a san wa ya rubuta, yaushe, a ina. A 1848 ya roƙi a buɗe kujerar farfesa ta tarihi da adabin Yahudawa a Jami'ar Barlin, aka hana. Sai suka buɗe tasu makarantar a Barlin a 1872, ita ce 'yan Nazi suka rufe a 1942, a tsakiyar kisan da ya ci Yahudawa wajen miliyan 6. A Amurka sai 1930 Salo Baron ya hau kujerar tarihin Yahudawa a Jami'ar Kolombiya. Wato waɗanda suka fara cewa wannan karatu bai cancanci jami'a ba, Turawa ne masu ganin mutanen ba su kai a san su ba, ya isa a tsane su daga nesa. Ni dai ba zan so a same ni a layi ɗaya da su ba.

Yanzu bari in zo kan abin da na san yana cin zuciyar kowa, ni ma yana cin tawa, wato Falasɗinu. Wata ƙawata da nake ganin girmanta ta ce da ni, "Yaya, duk na ji bayaninki, amma a ce ana kashe yara a Gaza, 'yarki na zaune tana koyon harshen masu kisan?" Ban raina wannan magana ba. Duk wadda ta ga hotunan da suka fito daga Gaza tun daga Oktoban 2023, uwaye rungume da gawarwakin 'ya'yansu cikin farin ƙyalle, ba ta ji hanjinta ya kaɗa ba, to a duba ta. Amma ina tambaya, jahilcina zai ta da yaro ɗaya daga kabari? In na ƙi sanin bambancin addinin Yahudanci mai shekaru dubbai da aƙidar siyasa ta Sahayoniyanci, wadda Theodor Herzl ya kira babban taronta na farko a garin Basel a 1897, wa na taimaka? In ban san alkawarin Balfour na 1917 ba, ban san yadda Falasɗinawa sama da 700,000 suka rasa gidajensu a 1948 ba, da me zan yi gardama in an tsare ni? Da ihu?

Falasɗinawan kansu ba su ɗauki wannan ra'ayi namu ba. Babban mawaƙinsu Mahmud Darwish ya iya Ibrananci, yana karanta mawaƙansu da harshensu. Kuma abin da Falasɗinawa suka daɗe suna faɗa game da 1948 duniya tana toshe kunne, cikin waɗanda suka shiga ɗakunan ajiyar takardun Isra'ila a shekarun 1980 suka fito da shaidar da ta ƙarfafa shi akwai malaman tarihi Yahudawa, irin su Ilan Pappé da Avi Shlaim, wanda aka haifa a Bagadaza a 1945 ya koyar a Jami'ar Okusfod. Sun sha zagi wurin mutanensu a kan haka. In duk Bayahude abu ɗaya ne, kamar yadda ake faɗa mana a gidan biki, waɗannan a wane kwando za mu sa su?

Rashin sani fa ya fi dare duhu, kuma mai tafiya cikin duhu kowane ɗan damfara abokinsa ne. Akwai wani littafi da ake yawo da fassararsa, wai asirin taron dattawan Sahayoniya da suka shirya mallake duniya. Na sha ganin masu ilimi suna kafa hujja da shi. To littafin nan ƙirƙirarre ne. A Rasha ya fara fitowa a 1903, kuma a 1921 jaridar Times ta Landan ta jera shafukansa kusa da na wani littafin Faransanci na 1864 da Maurice Joly ya rubuta don zambo ga sarkin Faransa Napoleon na Uku, aka ga kwafe aka yi, alhali littafin Joly ko maganar Yahudawa ba ya yi. Abdulwahab al-Masiri, malamin Masar da ya shafe shekaru yana rubuta kundin sani mujalladi 8 a kan Yahudawa da Yahudanci da Sahayoniyanci, ya fito a 1999, mutumin da ba wanda zai zarge shi da son Isra'ila, shi ma ya ce littafin jabu ne, kuma jingina da shi raunana hujjar Larabawa yake yi. In kina da gaskiya a hannu, me ya kai ki ɗaukar ƙarya ki ɗora a kai? Ranar da aka kama ƙaryar, har gaskiyar taki za a haɗa a watsar.

Mu kanmu nan Kano muna da igiyar da ta ɗaure mu da wannan tarihi, ko da yake ba a faye faɗa ba. Kowa ya san Shehu Magili, wanda ya zo zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa littafin shawara kan mulki. Amma mu nawa muka san rigimar da ya yi da Yahudawan Tuwat, can cikin hamadar Aljeriya ta yau, wajen 1492, inda aka rushe majami'arsu ta Tamantit aka kashe wasu, sauran suka watse? Mu nawa muka san cewa alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda da shi ba, har aka aika wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis tambaya, wasu suka goyi bayan wannan wasu suka goyi bayan wancan? Ni ban isa in yi wa Shehu hukunci ba, ina ni ina shiga tsakanin malamai. Abin da ke ba ni takaici shi ne, wanda ya zauna ya tattara labarin nan ya buga littafi a kai a 2006 Bature ne, John Hunwick, wanda ya taɓa koyarwa a Jami'ar Ibadan. Malamin namu ne, fatawoyin da Larabci suke, amma sai mun je Turai mun sayo labarin da Turanci. In wata 'yar Kano ta tashi ta ce ita ma za ta iya wannan aiki, sai mu tare ta da "Allah ya shirya"?

Ba na ce babu abin tsoro ba. Yarinya budurwa ita kaɗai a ƙasar sanyi, ba uwa ba uba, dole hankali ya tashi, ko da lissafi ta je karantawa. Kuma gaskiya ne a kowane fanni akwai malamai masu ja wa ra'ayinsu, akwai masu ba da kuɗin karatu da wata manufa a zuci. Na gaya mata wannan baki da baki kafin ta tafi, na ce ki buɗe kunne ki kuma buɗe ido, kada ki haɗiye komai sai kin tauna. Amma maganin wannan ai tarbiyya ce da ƙarin karatu. Imanin da zai zube don an ga baƙaƙe 22, dama can a bakin ƙofa yake tsaye da takalminsa.

Wasu kuma suka ce, to me za ta ci da shi? Wannan tambaya ce ta hankali, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce aiki na jiranta a bakin titi ba. Masu irin karatunta sukan koyar, ko su yi fassara, ko aikin jarida, ko ma'aikatar harkokin waje, ko ɗakunan ajiyar tsofaffin rubuce-rubuce, kuma guraben ba su da yawa. Sai dai wadda ta iya zama da yagaggiyar takarda mai shekara 900 ta warware ta, ta san tawada da hannun marubuci, ina ganin ba za ta rasa abin yi ba a ƙasar da kundayen ajami ke jibge a soraye gara tana ci.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mata ne suka yi wannan aika-aika. Mu da aka ce da iyayenmu in suka shiga boko sun zama Nasara, aka ɓoye wasu a rumbu don kada a rubuta sunansu a makaranta, yau mu ne muke neman likita mace ido rufe in haihuwa ta zo da gardama. Ita Hajiyar da ta yi maganar, 'yarta ta biyu ma'aikaciyar jinya ce, kuma na tuna sarai lokacin da aka yi ta yi mata gori wai 'yarta tana kwana a asibiti cikin maza. Ta yi kuka a ɗakina a kan haka, ni na ba ta haƙuri. Yau ita ce ta ɗauki wuƙar da aka yanke ta da ita ta ɗora a wuyan 'yar wani. Kuma mu daina wannan ɗabi'a ta kiran duk marowaci ko mugu ko mai wayon tsiya "Bayahude". Yaranmu suna ji, suna tashi da tunanin cewa sun san mutanen, alhali ko ɗaya ba su taɓa gani ba.

Shekaranjiya na shirya na tafi gidan su yaron da kaina, ban aika kowa ba. Bayan mun gaisa na ce, "Hajiya, ni na riƙi yarinyar nan, in akwai abin da kuke son sani ku tambaye ni, ko ku kira ta ga lambarta." Ta yi ta kame kame, ta ce ita ba ta ƙi ba, maganar mutane ce ta yi yawa, kuma Alhaji ya ce a bari ta dawo hutu a gani. Na ce to Allah ya kai mu. Shi yaron, an ce ya ce ba ya fasawa, amma kun san yaro da uwa. Har yanzu dai akwatunan ba su iso ba.

Da na dawo gida na tarar yarinyar ta turo mini hoton wata takarda a waya, launin ƙasa, gefenta duk a cinye, ta rubuto fassarar a ƙasa. Jerin kayan ɗakin wata amarya ne. Ina cikin karantawa sai ga dillaliyar unguwarmu ta yi sallama da ƙullin atamfofi a ka, na ce ta zauna ta ji. Na karanto mata mayafi da kuɗinsa, awarwaro da kuɗinsa, katifa da matasai, har na iso kan wata tasar tagulla. Ta dakatar da ni ta ce in maimaita kuɗin tasar, na maimaita. Ta taɓe baki ta ce, "Hajiya, wannan an ninka. Ko a wancan zamanin ba ta kai haka ba."